Ciwon cikin yara bayan korona: yaya za mu raba shi da afendis da taifot?

Assalamu alaikum Likita, da fatan kana lafiya, ya ƙoƙari da jama'a. Mu ma'aikatan jinya ne a sashen yara, kuma shawararka muke nema kan ciwon nan na kumburin sassan jiki da ke biyo bayan korona, wanda likitoci ke kira MIS-C. Ciwon cikin da yake zuwa da shi ne ya fi ɗaure mana kai.

Ga abin da muka sani, ka gyara mana inda muka kauce. A Ingila aka fara ba da rahotonsa cikin Afrilun 2020, a watan Mayu kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da alamomin gane shi. Yakan taso mako 2 zuwa 6 bayan yaro ya kamu da korona, sau da yawa wadda ba ta wuce ɗan mura ba, ko ma ba a san ya yi ta ba. Ƙwayar cutar ta riga ta lafa, garkuwar jikin yaron ce ke ci gaba da faɗa har ta koma kan hanji da zuciya da jijiyoyin jini. Ya fi kama 'yan shekara 6 zuwa 12, kuma ya ragu sosai tun bayan ɓullar nau'in Omikron, abin da ya sa yanzu ba kasafai yake faɗo wa ma'aikaci a rai ba.

Akalla 8 cikin 10 na yaran da ya kama suna zuwa da ciwon ciki ko amai ko gudawa, kuma sau tari su ne ke riga sauran alamomin bayyana. Kumburin ya fi zama a ƙarshen ƙaramin hanji da kaluluwar da ke kewaye da shi, wato ƙasan ciki ta ɓangaren dama. Nan ne mazaunin afendis, nan ne kuma taifot ke huda hanji a mako na 2 ko na 3. Za ka ga yaro ya kwanta ya naɗe ƙafar dama, ka kai hannu wurin ya riƙe maka wuyan hannu tun kafin ka danna. Wanda ya ga haka ya ce tiyata, ba za a ga laifinsa ba. An yi wa yara da dama aiki a ƙasashen waje a 2020, aka tarar da afendis ɗin ƙalau, sai kumburarriyar kaluluwa da ɗan ruwa a ciki.

Abin da muke dogara da shi wajen rarrabewa shi ne yadda ciwon ya faro. A afendis ciwo ne ke fara zuwa, daga wajen cibiya ya gangara dama, zazzaɓin ya biyo baya kuma da farko ba ya tsanani. A wannan kuwa zazzaɓi mai zafi ne ke gaba, kwana 3 ko fiye, farasitamol ya sauke shi ya sake hawa, sannan cikin ya ɗauka. Sai mu duba ido: ja ne duka biyun amma babu kwantsa. Leɓe ya yi ja ya tsattsage, harshe ja wur, tafin hannu da na ƙafa sun ɗan kumbura, ga ƙuraje a jiki, waɗanda a baƙar fata sai an kai yaron bakin taga an duba da kyau. Iyaye sukan ce ƙyanda ce, amma ƙyanda da tari da majina take tafe. A gwajin jini kuma afendis yakan ɗaga fararen ƙwayoyin jini, shi kuwa wannan yakan rage nau'in limfosait da ƙwayoyin daskarar da jini, gishirin jini ya sauka, ma'aunin kumburi na CRP ya haura sosai.

Inda abin ke lalacewa, a ganinmu, wajen ƙarin ruwa ne. Yaro ya yi amai da gudawa, hannu da ƙafa sun yi sanyi, bugun jini ya yi rauni, kowa zai ce ruwan jiki ne ya ƙare, a buɗe leda ta zuba. To amma a wannan ciwon naman zuciya kansa yakan kumbura ya kasa harba jini, ruwan da aka ɗura da sauri sai ya taru a huhu. Shi ya sa muke ganin a ba da mililita 10 ga kowane kilo na nauyin yaro, a tsaya a ƙirga numfashi, a saurari ƙirji, a laluba ko hanta ta sauko, kafin a ƙara. In numfashi ya ƙaru, a rufe ledar. Ko kana da ma'aunin da ya fi wannan ga wurin da ba shi da na'urar hoton zuciya?

Sai rikicin gwaji. Gwajin Widal yakan nuna taifot ga wanda ba shi da ita, gwajin maleriya na tsinke kuma yakan ci gaba da nunawa makonni bayan an warke. Da ɗayansu ya fito sai hankali ya kwanta, a ɗora yaro kan allura a daina bincike. Mu dai mun fi karkata ga a yi maganin maleriyar a kuma fara maganin ƙwayoyin cuta, amma in an kwana biyu zazzaɓi bai sauka ba, ko jini ya fara faɗuwa, a tura shi babban asibiti ba tare da jira ba. Zazzaɓin Lassa ma yana zuwa da ciwon ciki da amai, dole a riƙe shi a rai, musamman da rani.

Babbar tambayarmu a kan magani ce. Abin da aka saba bayarwa shi ne ruwan garkuwa na IVIG, giram 2 ga kowane kilo, tare da metilfirednisolon, wani maganin sitiroyid mai rage kumburi, miligiram 1 zuwa 2 ga kilo a rana, da ƙaramin asfirin miligiram 3 zuwa 5 ga kilo, kada ya wuce miligiram 81 a rana, muddin ƙwayoyin daskarar da jini ba su yi ƙasa sosai ba. Yaro mai kilo 25 ke nan giram 50 na IVIG zai ci, kuɗin da ƙalilan ne za su iya, in ma an same shi. A ƙarshen 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da sitiroyid ga yaran da aka kwantar. Sai dai sitiroyid yana ɓoye alamar hujewar hanji, yaron da taifot ta huda wa hanji zai yi kamar ya samu sauƙi alhali cikin na ruɓewa. Shin hoton ciki da na ƙirji da ganin likitan tiyata sun wadatar kafin a fara shi, inda babu gwajin da zai tabbatar yaron ya taɓa yin korona? Kuma awa nawa za a sa ido kafin a yanke shawarar buɗe ciki, tunda akwai yaran da ke haɗa wannan ciwon da afendis na gaske?

Muna kuma roƙon ka ja hankalin iyaye a shirinka. Da yawa sai sun zaga kemis, an ba yaro diklofenak ko ibufurofen a kan cikin da babu ruwa, abin da ke taɓa ƙoda, ko an ɗura masa jiƙo da kanwa. Da wane lafazi za mu ce musu zazzaɓin kwana 3 da ciwon ciki da jan ido na asibiti ne a ranar, ba tare da mun ambaci korona sun ɗauke ɗansu sun tafi ba?

Allah ya ƙara basira. Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan jinya a sashen yara, Kano.