Taron masu sha'awar motoci: a tsara fita kafin a tsara shiga

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin matasan da ke son haɗa taron masu sha'awar motoci. Haɗarin irin wannan taro yana lokacin watsewa, sa'ad da kowa ke son taka totur a bakin ƙofa, ga 'yan kallo cirko-cirko a gefen titi. Don haka daga nan ya kamata tsari ya fara: ƙofar shiga daban, ta fita daban, mutum biyu sanye da riga mai ƙyalli a kowace ƙofa, a riƙa sallamar motoci biyar-biyar. A cikin fili kada gudu ya wuce kilomita 10 a awa. Wanda ya zo wasan mota ko murza taya, a sallame shi nan take, ko da motarsa ce ta fi ta kowa kyau.

Kafin a sa rana, a karɓi izinin mai fili a rubuce, a kuma sanar da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra. Filin ya zama na kwalta, siminti ko tsakuwa. A guji busasshiyar ciyawa, domin tukunyar tace hayaƙi da ke ƙarƙashin mota kan yi zafin da ya haura digiri 400, kuma hakan ya isa ya tada gobara. Rufaffen gareji ma bai dace ba, hayaƙin injin yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari.

Wurin fakin na yau da kullum faɗinsa mita 2.5 ne, tsawonsa mita 5. A wurin baje motoci wannan ya yi kaɗan, tunda za a buɗe ƙofofi, mutane su zagaya. A ba kowace mota faɗin mita 3.5, a bar hanya mai mita 6 tsakanin layuka yadda motar kashe gobara za ta iya shiga. Ke nan motoci 30 a layi biyu suna buƙatar kusan mita 53 a tsawo, 16 a faɗi. Da wannan lissafi za a san yawan waɗanda za a yi wa rajista.

A tanadi aƙalla tukunyar kashe gobara biyu masu hoda, na kilo 6, domin ruwa watsa wutar fetur yake yi. A haɗa da akwatin taimakon farko, bokitin yashi na shanye baƙin mai idan ya ɗiga, da wayar jona batir, saboda motar da aka bar ƙofofinta a buɗe awa uku ana jin kiɗa ba lallai ta tashi ba.

Tsofaffin motoci kuwa a shigar da su da wuri, don tsayawa a layi injin na aiki shi ke sa su zafi. Idan ɗaya ta tafasa, kada a taɓa murfin lagireto sai injin ya huce. Kuma babu mai shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, sai an tokare ta da ƙafar ƙarfe.

Naka,
Wani makanike mai karanta jaridarku