Amsa ga matashin da ya tambaye ni ma'anar "jigo"

Ɗana, assalamu alaikum.

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci ka tare ni a gaban jama'a, ka ce kullum rediyo na faɗin "wani jigo a jam'iyya kaza ya sauya sheƙa", to mene ne jigo, kuma wa ke naɗa shi? Hayaniya ta hana ni amsawa, shi ya sa na rubuto.

Kai ɗan zamanin injin ban-ruwa ne. Mu da muka yi lambu a fadamar Ringim tun muna Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991, da hannunmu muka san jigo. Itace ake kafawa a bakin ruwa, a gitta doguwar sanda a kai, a ɗaura mata curin laka mai nauyi a gindi, a ɗaya bakin kuma igiya da guga. Ka danna, guga ya nutse. Ka sassauta, nauyin nan ya ɗago maka ruwa. Ranar da jigo ya karye, albasa da ƙishi za ta kwana. Malaman adabi ma nan suka yi aro, suke kiran abin da waƙa ta ginu a kai jigonta.

Haka a siyasa: wanda nauyin tafiya ya rataya a wuyansa. Ba rawani ba ne balle a naɗa. Malam Aminu Kano bai taɓa zama gwamna ba, amma da inuwarsa jam'iyyar PRP ta ci Kano a 1979, Abubakar Rimi ya hau kujera. Da PRP ta rabu gida biyu, Santsi da Taɓo, kowane ƙauye ya san jiga-jigan ɓangarensa, ba sai an sanar ba.

Kuma kada ka haɗa shi da ƙusa. Ƙusoshin gwamnati buga su aka yi, wanda ya buga yana iya zarewa.

Yanzu kam kalmar ta yi arha. Akwai wani a mazaɓarmu, ba zan kama suna ba, sau uku na ji an kira shi jigo, kowane karo a wata jam'iyya daban. Akwatin ƙofar gidansa bai taɓa kawowa ba. Da ya fita na ƙarshen, ni na ƙirga waɗanda suka bi shi: direbansa da ƙanin matarsa.

Ka gaida mahaifinka. Ka tambaye shi, ya ja jigo fiye da ni.

Naka,
Tsohon malamin firamare, daga ƙasar Ringim