Amsa ga mai tambaya kan nuna kati a rumfar zaɓe

Malam, na ga tambayar da ka jefo min a bainar jama'a, wai in dai mutum ba maguɗi ya zo yi ba me zai sa ya ji haushi don an ce ya nuna katin shaida kafin ya kaɗa ƙuri'a. To ni fa ban taɓa cewa kar a nemi kati ba. Cewa na yi a duba wa ke zaɓar irin katin da za a karɓa, don a nan gizo ke saƙar.

Ka ga jihar Texas a Amurka, dokar da suka yi a 2011 ta yarda da lasisin riƙe bindiga amma ta ƙi katin ɗaliban jami'a, alhali duka biyun akwai hoto a jiki, kuma ba sai an yi maka dogon bayani ba ka san 'yan siyasa sun san wa ke riƙe da wanne.

Ingila kuwa sai a watan Mayun 2023 aka fara tilasta kati mai hoto, a zaɓen ƙananan hukumomi, kuma hukumar zaɓensu da kanta ta ce aƙalla mutum 14,000 aka mayar gida ba su dawo ba. Abin dariya ma, a 2024 Boris Johnson, tsohon Firayim Ministan Birtaniya wanda gwamnatinsa ce ta kawo dokar, ya je rumfa ya manta nasa katin aka ce Oga sai haƙuri. Shi ya koma ya ɗauko. Tsohuwar da ta sha tafiya da sanda kafin ta iso fa, kana ganin za ta dawo?

Sannan kati abu ɗaya tak yake hanawa, wani ya zo da sunan wani ya yi zaɓe. Aringizon da ake yi wajen tattara sakamako ko sayen ƙuri'a, wallahi ko kati goma kowa ya nuna ba abin da zai taɓa.

Ka ce in kawo mafita. A Kanada in ba ka da kati, wani mai zaɓe a rumfarku da ya san ka zai nuna nasa ya sa hannu ya tsaya maka, kuma mutum ɗaya kacal aka yarda ya tsaya wa. In irin wannan kake nufi Malam, ni da kai ba mu da rigima.