Jikina yana nan, hankalina yana gobe

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a sakaya sunana.

Ni matar aure ce da yara, ina kuma aiki, kuma damuwata ba ta miji ba ce ba ta kuɗi ba ce, hankalina ne baya zama waje ɗaya. Sai mutum yana min magana ina gyaɗa kai ina "eh haka ne" amma wallahi in kika ce in maimaita abinda ya faɗa bazan iya ba, na tafi can ina lissafin aikin gobe, ko ina juya wata magana da aka yaɓa min tun bara ina shirya amsar da ya kamata ace na bayar. Ƴata ta taɓa ce min "Mama ke kina kallona ne kawai ba kya jina", abin ya tsaya min a rai. Ko salla sai in sallame ban san surar da na karanta ba. Waya kam ba a magana, daga duba lokaci sai in tsinci kaina a TikTok.

Da na ɗan bincika na ga ashe ba ni kaɗai ba ce. A 2010 wasu masana na jami'ar Harvard, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun bibiyi mutum 2,250 ta waya suna tambayarsu lokaci zuwa lokaci me suke yi, ina kuma tunaninsu yake, sai aka ga kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin hankali baya kan abinda ake yi. Abinda ya ban mamaki shi ne ko tunanin mai daɗi ne ya ɗauke mutum, bai fi jin daɗi ba a kan wanda hankalinsa ke kan aikin gabansa, in tunanin mara daɗi ne kuwa sai dai ya ƙara masa ƙunci. Ni kuwa nawa yawanci mara daɗin ne.

Daga nan na ci karo da tsarin sati 8 da Jon Kabat-Zinn ya fara a 1979 a asibitin jami'ar Massachusetts ta Amurka domin masu ciwo mai daɗewa da masu yawan damuwa. Wai ka zauna shiru ka bi numfashinka yana shiga yana fita, in tunani ya ja ka sai ka lura ka dawo, ba zagin kai ba fushi. A faɗe kamar ba komai. Toh Anti da na zauna na rufe ido sai kace kasuwa ce ke ci a kaina, abubuwan da na manta ma duk suka taso, har na kan tashi zuciyata na bugawa fiye da kafin in zauna. Haka kowa ke farawa ne, ko alama ce cewa likita ya kamata in gani? Dan barcina ma ya fara raguwa.

Kuma na karanta cewa asalin abin daga addinin Buddha aka ciro shi, duk da yanzu a asibiti ake koyarwa ba tare da ibadarsu ba, nidai zuciyata bata gama kwanciya ba, me kike gani?

Amma wadda ta fi damuna ita ce wannan. Masu koyarwa suna ta cewa a bar gobe a zauna a yanzu, ni kuma goben nan tawa ba ƙirƙirarta nayi ba, akwai yara, akwai aikin da ban da tabbas zai ɗore, in ban yi tunaninsu ba wa zai yi min? Ina so ki nuna min inda tanadi ya tsaya zullumi ya fara, dan ni a wajena sun cakuɗe, sai in ce shiri nake alhali abu ɗaya nake ta nanatawa ba tare da na yanke komai ba.

Ina sauraron amsarki Anti, nagode.

Ƙanwarki mai bibiyar shirin