Abba ka goge abin nan kafin ka kwanta

Assalamu alaikum Abba. Na kira ka sau uku bayan la'asar ba ka ɗauka ba shi ya sa na zauna nake rubutawa, kuma don Allah ka karanta har ƙarshe, kar ka yi min irin naka na duba layi biyu ka turo min to Umma.

Jiya a gidan suna ana cikin rabon waina Inna Lami ta matso kusa da ni ta miƙo min wayarta, ta ce Yaya wannan ba ɗanki ba ne? Na duba, kai ne a bidiyo, da hular da na saya maka ranar da za ka tafi Zariya, kana zaune a bakin katifa kana nuna yatsa kana magana a kan yarinyar nan 'yar fim. Wai ta ce gwaninka bai iya aktin ba sai rawa, shi ne kai kuma ka ɗauki gayya. Da ka tsaya a nan wallahi da dariya zan yi. Amma ka ce kowa ya san yadda aka yi ta samu motarta, kowa ya san inda take kwana. Abba kai ne kowa? Ka gani da idonka?

Inna Lami ta gangara ƙasa wajen masu mayar da martani, ta so ta janye wayar na riƙe. Na karanta. Ni ake zagi Abba. Yaran da ban haifi sa'anninsu ba ma suna rubuta uwarka kaza uwarka kaza, ina zaune cikin mata da waina a cinyata, na kasa kai loma baki. Hadisin da kuka haddace a islamiyya ne ya faɗo min, cewa yana cikin manyan zunubai mutum ya zagi iyayensa, aka ce ta yaya, Manzon Allah (SAW) ya ce ya zagi uban wani a zagi nasa, ya zagi uwar wani a zagi tasa. Ban taɓa zaton a kaina zan ga fassararsa ba.

Na san abin da za ka ce, ai Umma a wajenki muka koya. Eh ban musa ba. Ni na raine ku a gaban talabijin, tun lokacin kaset ina aiken yayarka ta karɓo haya a shagon bakin layi, kuma ranar da aka ce Ahmad S. Nuhu ya rasu a hatsarin mota farkon 2007 na yi kuka kamar ɗan ɗakinmu, marigayi babanku har faɗa ya yi min. Mu ma mun yi musu, ni da Inna Lami sai mu raba dare a kan wa ya fi iya fitowa a masoyi wa ya fi iya mugu, shi kuwa babanku ba ya ganin kowa sai Samanja da Ƙasimu Yero, ya ce duk na bayansu wasan yara suke. Amma musunmu a tsakar gida yake ƙarewa, a sha ruwa a shimfiɗa tabarma. Ba mu taɓa jifan 'yar wani da alfasha ba. Kuma wayar nan da kuɗin adashena na saya maka don karatu, kar ka sa in riƙa jin ni na miƙa maka wuƙar.

Su waɗanda kuke kashe kanku a kansu fa abokan sana'a ne. Ka tuna 2019 da rikicin Ali Nuhu da Adam Zango ya kai har kotu a Kano, masoya suka rabu gida biyu ana ta cin mutuncin juna, daga baya manyan harkar suka shiga tsakani aka sasanta su, to su masoyan da suka ɓata da abokansu wa ya je ya sasanta su? Gwaninka da yarinyar nan gobe za ka iya ganin su a fim ɗaya a matsayin mata da miji, an biya su kuɗinsu, kai kuma datarka ta ƙare.

Duk wannan mai sauƙi ne, zagin da aka yi min ma na yafe. Abin da ya hana ni barci shi ne kalmar da ka faɗa sunanta ƙazafi. Ka buɗe Suratun Nur aya ta 4, wanda ya jefi mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba bulala 80 ce kuma ba a sake karɓar shaidarsa. Ba a ce ban da 'yar fim ba. Ita ma tana da uwa, wataƙila ita ma a gidan suna aka nuna mata. Kuma ko a nan duniya abin ba wasa ba ne yanzu, a 2022 a nan Kano kotu ta sa an yi wa samari biyu 'yan TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30 saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan lokacin. Yarinyar nan tana da kuɗin ɗaukar lauya, mu me muke da shi? Tun jiya duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, ina ganin kamar an je an ɗauke ka daga makaranta a gaban abokanka. Ka san abin da muka gani shekarar da aka tsare Baffa, ka san wa ya riƙa kai abinci a kula kullum ana bincike shi da cokali kafin a shigar. Ba zan iya sake wannan tsayuwar ba Abba, ƙafafuna ba irin na da ba ne. Shekara 11 ina tallafe da ku ni kaɗai, ban yi don ka zama ɗan koren wanda bai san sunanka ba, wanda ko a hanya ya gan ka gilas zai ɗaga.

Yi haƙuri in na yi zafi. Na san halinka, kai ne kake ɗauko wa tsohuwar maƙwabta ruwa ba a sa ka ba, zuga ce ta abokai da daɗin ganin ana danna maka laik. Ban hana ka kallo ba, ban hana ka son gwaninka ba, ka ce ya fi kowa iya rawa, ka ce labarin nan an ja shi da yawa ya fara gundura, ni ma haka na ce. Amma bidiyon nan ka goge shi yau, ka yi wani da fuskarka da hular nan ka ce ƙarya ka yi ba ka san komai a kanta ba, ka nemi ta yafe maka. Gogewa kaɗai ba ta isa ba tunda wasu sun riga sun sauke.

Ka kira ni bayan isha'i ina jira, ban gaya wa Kawu ba tukuna kuma ba na so ya ji a bakin wani. Na ba direba saƙonka, yaji ne da garin kunu da ƙuli, ranar Asabar ka je tasha ka karɓa.

Ummanka