Wasiƙa Zuwa Ga Aminina A Kalaba Kan Batun Digiri Na Biyu A Ilimin Tsirrai

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana nan lafiya tare da iyalinka, kuma ruwan Kalaba da ba ya yankewa bai hana ka walwala ba. Mu a nan an kusa gama yankan dawa, hunturu kuma ya fara leƙowa da asuba. Saƙonka ya same ni tun makonni uku da suka wuce, kuma da gangan na ƙi ba ka amsa ta waya, domin tambayar da ka yi ba irin wadda ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Ka ce kana so ka ajiye allin koyarwa na ɗan lokaci ka koma digiri na biyu a ilimin tsirrai, amma kana fargabar ka ƙare da wata takardar a cikin akwati, kamar yadda ta farko ta daɗe a ciki kafin ka samu makarantar da kake koyarwa yanzu.

Shawarata ita ce kada ka fara da neman gurbin karatu. Ka fara da neman tsiron da ya dame ka da tambayar da kake so ka amsa a kansa, sannan ka nemi malamin da ya san wannan tsiron, sai a ƙarshe ka sayi fom ɗin jami'ar da malamin yake. Ni na bi ta baya, kuma na ji a jikina. Na shiga ba tare da wani batu a raina ba, aka miƙo mana jerin batutuwa na ɗauki wanda ya fi gajeren suna, na yi wata biyar ina jan ƙafa a kansa ba tare da na rubuta shafi goma na kirki ba. Yajin aikin jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, shi ya mayar da ni ƙauye, kuma a can ne na samu abin da na rasa a aji.

Ka san gonar kawuna ta bayan rafi. A waccan daminar dawarsa ta tsaya iya ƙugu, ganyenta ya yi rawaya kamar an yi fari alhali ruwa na sauka, tsakanin kunyoyi kuma furen ƙuduji ya rufe ƙasa, jaja-jaja mai ruwan hoda, gwanin kyau ga wanda bai san ɓarnarsa ba. Kawu ya tuge ɗaya ya miƙo mini ya ce, tun da an ce ganye nake karantawa, in gaya masa abin da wannan yake ci da har ya fi dawarsa ƙiba. Na tono gindin a hankali da tsinke, na ga yadda saiwarsa ta manne da ta dawar kamar an ɗaura su da zare. A aji na haddace sunansa na Latin, Striga hermonthica, na kuma ci jarrabawa a kansa, amma ranar ce na fara ganinsa da idona yana shan jinin abincin gidanmu. Da aka koma makaranta na je na roƙi a canza mini batu.

Bari in ɗan tsaya a kan ƙudujin, domin da shi zan nuna maka yadda aikin yake. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, tushe ɗaya yana zubar da dubun dubata, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma suna jira. Ba sa tsirowa don ruwa ya sauka kawai. Sai sun jiƙa cikin ɗumi na kwanaki, sannan sun ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara take fitarwa, shi ne yake sanar da su cewa ga mai masauki a kusa. Mafi yawan ɓarnar a ƙarƙashin ƙasa ake yin ta, kafin manomi ya ga ko ganye ɗaya, shi ya sa cirewa bayan ya yi fure ba ta ceton amfanin wannan shekarar, sai dai ta rage irin baɗi. Auduga da waken suya da gyaɗa suna fitar da sinadari mai kama da wannan, sai irin ya tsiro ya rasa inda zai kama ya mutu, ka ga ke nan juya shukar da kakanninmu suke yi tana da hujjar da ɗakin gwaji ya tabbatar daga baya. Aikina shi ne in wanke irin, in shimfiɗa shi a kan 'yan takardu masu laima cikin faifan gilashi, in ajiye shi cikin ɗumi kusan mako biyu, in ɗiga masa ruwan saiwar dawa iri-iri da na karɓo daga manoma, sannan in zauna gaban madubin ƙara girma ina ƙirga waɗanda suka fasa ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi ja. Sau biyu wuta ta ɗauke na kwanaki, injin ɗumin ya huce, na zubar da komai na sake daga farko. Wanda bai ƙaunaci tambayarsa ba, a karo na biyun nan yake tattara kayansa.

Kada ka ɗauka ƙaramin fage ne. Gebisa Ejeta, ɗan Habasha da ke koyarwa a Jami'ar Purdue ta Amurka, ya samu babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2009 saboda dawar da ya samar mai jure fari da ƙuduji. A Kano ma, masu binciken IITA, cibiyar binciken noman ƙasashe masu zafi ta ƙasa da ƙasa, sun yi amfani da wani tsohon irin wake daga Botswana wajen samar da waken da ke jure ɗan'uwan ƙudujin da yake kama wake.

Game da aikin yi kuwa, gaskiyar da ba a gaya mana ba a shekarar ƙarshe ita ce da wuya ka ga tallar aiki da aka rubuta ana neman masanin tsirrai haka kawai. Ana neman mai inganta iri, ko masanin cututtukan shuka, ko mai gwajin ingancin iri, ko wanda ya iya tantance itatuwan daji. Digiri na farko ya ba mu ɗanɗanon kowanne, na biyun kuwa wurin zaɓen guda ne. Inganta iri ya fi sauran kasuwa a ganina. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya koma 1922 kafin a haɗa ta da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tana aiki a kan dawa da masara da wake da gyaɗa da auduga, kuma daga nan aka fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019, mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri tana riƙe da gero da alkama. Ga IITA da aka kafa a Ibadan a 1967, ga ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona na yankunan ƙarancin ruwan sama, da ke da ofis a Kano da babbar tasha a Sadore kusa da Yamai. Bayan su akwai kamfanonin iri, da hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa, da hukumar da ke binciken tsirran da ake shigowa da su ko fita da su ta tashoshin ruwa da na sama. Duk waɗannan wuraren za su tambaye ka abu ɗaya da yawancinmu muka raina a makaranta, wato ƙididdiga da tsara gwaji a gona. Ka fara koyon manhajar R tun yanzu da kwamfutarka, kyauta ce, kuma za ta raba ka da biyan wani ya yi maka lissafin da ba za ka iya kare shi gaban malamai ba.

Sai dai na san ka. Tun muna aji biyu kai ne mai tsayawa a hanya kana murza ganye kana sansanawa, kai ne kuma ka nuna mini bambancin tafasa da rai-ɗore, cewa ganyen ɗaya mai faɗin kai ne na ɗayan mai tsini, lokacin da ni duk ciyawar bola nake ganin su. Saboda haka ina zaton fannin tantance tsirrai da ba su suna ne zai ja ka, kuma ba zan hana ka ba, ko da yake guraben aikinsa sun fi ƙaranci. Masu wannan fanni sun yi kaɗan ƙwarai, tsofaffin ma'aikatan da ke iya kallon busasshen reshe su faɗi sunansa suna ta yin ritaya, masu binciken magunguna kuma ba su da yadda za su yi sai da su, domin duk gwajin da aka yi a kan ganyen da ba a tabbatar da sunansa ba, aikin banza ne. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta haɗa Niprisan, maganin sikila, daga tsirrai huɗu, ciki har da kanumfari da wata irin dawa. Sinadarin da ke cikin maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga wani ɗan'uwan tazargade aka ciro shi, aikin da ya ba Tu Youyou ta ƙasar Sin kyautar Nobel a 2015.

Akwai wani abu da yake ba ni kunya a duk lokacin da na tuna shi. J. M. Dalziel, likitan Turawan mulki da ya yi aiki a Arewa, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa tun 1916, kuma har gobe muna komawa ga abin da shi da irinsa suka tattaro daga bakin mahauta da maharba da masu magani da makiyaya. Fiye da shekara ɗari ke nan, sunayen Latin ɗin ma sun sauya a hannunmu. Bayan babban taron masana tsirrai na Melbon a 2011, an bar wa itatuwan Ostireliya sunan Acacia, bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, dakwara ta koma Senegalia senegal. Sunan Hausa kuwa yana nan a bakin tsofaffi, amma tsofaffin suna tafiya, yaranmu kuma ba su san marke daga taramniya ba. Duk wanda ya haɗa Hausa mai zurfi da horon zamani zai yi aikin da wani daga waje ba zai iya ba. Ka dubi Maradi, inda tun shekarun 1980 manoma suka riƙa barin kututturan gonakinsu suna tofowa suna yi musu aski maimakon sarewa, har miliyoyin itatuwa suka dawo a kudancin Nijar. Manomi ya daɗe da sanin cewa gero ya fi kyau a gindin gawo, saboda gawo yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana da taki, sai daga baya masana suka zo da awo.

Batun kuɗi ba zan ɓoye maka ba, shi ne ƙashin bayan tafiyar. Kuɗin makaranta ba shi ne mai nauyi ba, sinadarai da zirga-zirgar gona da biyan masu taya ka aiki su ne suke cinye aljihu. Tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa ilimi mai zurfi, na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, saboda haka kai da kake sakandare ba ka cikin layinsa. Ka duba Cibiyar Noman Yankunan Fari ta Jami'ar Bayero, wadda aka kafa a 2012 kuma ta samu tallafin Bankin Duniya, ka kuma sa ido kan guraben tallafin karatu na Commonwealth na Ingila da DAAD na Jamus. Idan Allah ya kai ka matakin digiri na uku, akwai WACCI a Jami'ar Ghana da ke Legon, wadda take horar da masu inganta iri na Afirka ta Yamma tun 2007. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka nemi cikakken sakamakonka daga tsohuwar makarantarmu tun yanzu, domin nawa sai da ya yi wata huɗu kafin ya fito, kuma ka sanar da malamai biyu da za su rubuta maka shaida. Kafin ka amince da kowane malami ya duba aikinka, ka karanta abin da ya wallafa a shekarun nan, sannan ka sami ɗalibansa a keɓe ka tambaye su wata nawa babi yake kwana a teburinsa. Malami mai suna wanda ba ya zama ya fi cutar ɗalibi a kan matashin malami mai buɗe ƙofa.

Ga kuma wata dama da kake zaune a kanta ba ka lura ba. Kurmin Kuros Riba yana cikin wuraren da suka fi yawan nau'in tsirrai a Najeriya, kai kuma ɗan ƙasar sabara da kalgo ne, ka ga ke nan idonka ya san duniya biyu. Ka sa kafinta ya yi maka allunan katako biyu, ka tara tsofaffin jaridu da igiya. Duk tsiron da ka tsinka a gefen gari ko gonakin mutane, da izininsu, ka haɗa da fure ko 'ya'ya, ka shimfiɗa shi cikin jarida ka matse, kana sauya jaridar kullum saboda laimar wurinku tana sa ganye ya yi fumfuna cikin kwana biyu. Ka rubuta rana da wuri da tsayin tsiron da launin furen tun yana ɗanye, da sunan da mutanen wurin suke kiransa da abin da suke yi da shi. Cikin gandun dajin gwamnati kuwa kada ka tsinki ko ganye sai da takardar izini. Idan ka tara hamsin masu kyau, za a iya gwada su da na ma'ajiyar busassun tsirrai ta cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan, kuma malamin da ka je wa da irin wannan kaya a hannu zai saurare ka da kunne daban.

Ni dai ina kan gyaran babi na huɗu, kuma ana sa ran zan kare kundina bayan ƙaramar salla in Allah ya yarda. Kawu ya shuka waken suya a rabin gonar bana bisa shawarata, yana ta yi mini tsiya cewa idan ƙudujin ya dawo baɗi, ni zan ciyar da gidan. Ka rubuto mini sunayen tsirrai uku da suka fi tsaya maka a rai da dalilin kowanne, ni kuma zan bincika maka malaman da suke aiki a kansu kafin a buɗe sayar da fom. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara, Inna ma tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran man jan da ka yi mata alkawari.

Wassalam.

Ni ne naka,
amininka na kullum.