Rahoton ayyukan shekara ga 'yan ƙungiyarmu ta masu ciwon ipofiz da iyalansu

Assalamu alaikum. Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na nan Garwa, da waɗanda ke bin mu ta WhatsApp daga Marwa, Ngawundare da Kusiri, ga rahoton shekara kamar yadda aka ɗora wa magatakarda. Lissafin kuɗi ba ya ciki. Ma'aji zai karanta shi da bakinsa ranar babban taro, rasiɗai a hannu.

Abin da ya fi cin lokacinmu bana bai ma shiga tsarin da muka yi a farkon shekara ba. Bayan ƙaramar salla wata 'yar'uwarmu ta zo zama da ɗan kwali a ƙulle cikin gyalenta. Ta kwance, sai ga ƙananan fakiti na wani gari, an rubuta a jiki da Faransanci wai ƙwayoyin asali ne masu tayar da duk gaɓar da ta mutu. Tunkiyarta ta sayar ta saya. Mai tallar ya ce mata in ta sha wata uku za ta rabu da idrokortizon, maganin da likita ya ɗora ta a kai, har abada. Wannan baiwar Allah tun haihuwarta ta huɗu, da jini ya ɓalle mata, nono bai zo ba, al'ada ba ta dawo ba, kullum jiki a mace. Shi ne ciwon da likita Harold Sheehan ya bayyana a 1937: ipofiz, wato ƙaramar glandar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kan ƙara girma lokacin goyon ciki, in jini ya zuba da yawa wajen haihuwa sai jinin da ke isa gare ta ya gaza, wani sashenta ya mutu. 'Yar'uwar tamu ta dubi shugaba ta ce, "Baba, don Allah abin nan yana sake tsirowa?" Aka yi tsit. Babu mai amsa a cikinmu.

Kwamiti ya ga tsit ɗin nan shi ne kasuwar masu gari. Sai muka roƙi ɗaya daga cikin 'ya'yanmu mai karatun likita ya riƙa zuwa yana warware mana abin da masu bincike suka gano, da Hausa, wani kuma yana juyawa da Fillanci. Ga taƙaitawa domin waɗanda ba su samu zuwa ba.

Ipofiz ba ta wuce girman ƙwayar gujjiya ba, nauyinta kusan rabin giram, tana zaune cikin wani ɗan gurbi na ƙashi a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Sashenta na gaba na da ƙwayoyin halitta iri 5, kowanne da homon da yake fitarwa, wato sinadarin da ke kai saƙo cikin jini: na girman jiki, na ruwan nono, na haihuwa, mai tayar da glandar maƙogwaro, da mai tayar da glandar da ke kan ƙoda. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne asalin wannan sashe ba daga ƙwaƙwalwa yake ba. Tun ɗan tayi yana 'yan makonni, rufin bakinsa ke turo wani ɗan aljihu zuwa sama, wanda Bajamushe Martin Rathke ya bayyana a 1838, har yau da sunansa ake kiransa.

A nan ƙwayoyin asali suka shigo. Su ne waɗanda ba su riga sun zaɓi sana'a ba, suna iya haifar irinsu, suna iya rikiɗa su zama ɗaya daga cikin biyar ɗin can. Ba a warwatse suke ba, suna da sheƙarsu, kuma sheƙa biyu aka sani. Ta farko jerin ƙwayoyi ne da suka yi layi a bakin wata 'yar tsaga, ragowar aljihun nan na Rathke. A ɓera tsagar na nan a buɗe, a ɗan Adam yawanci takan rufe sai 'yan ƙananan kogo. Ta biyu 'yan dunƙule-dunƙule ne a tsakiyar tsokar glandar, cikin ƙwayoyi masu aiki.

To yaya ake gane su, alhali a madubin likita duk kusan kamarsu ɗaya? Yaron namu ya ce mu ɗauka kamar kasuwar shanu ce: mai garke ba ya gane nasa da ƙaho ko launi, da shaidar da ya yi musu yake ganewa. Shaidar ƙwaya wani sinadari ne da take ɗauke da shi, a shafa rini ya kama shi ya haska. Babbar shaida ita ce SOX2, wadda masu bincike a Landan suka nuna a ipofiz ɗin manyan ɓeraye a 2008. Akwai SOX9, da S100β, da E-cadherin mai manne ƙwayoyin da juna, da PROP1 wanda aka fi gani a burgun gwaji. Wani malamin makaranta a cikinmu ya tambaya me ya sa shaidun suka yi yawa haka. Amsar ta gamsar da ni: babu guda ɗaya da ta keɓanta da ipofiz, SOX2 ma ana samunsa a ƙwaƙwalwa da wasu gaɓoɓin, don haka sai an haɗa biyu ko uku, an kuma dubi inda ƙwayar take zaune.

A 2013 rukuni biyu na masana, na Cynthia Andoniadou da na Karine Rizzoti, suka sa wa waɗannan ƙwayoyi alama a ɓera suka bi zuriyarsu, suka tabbatar suna haifar ƙwayoyi masu fitar da homon. Amma a babban ɓera mai lafiya galibi barci suke yi, sai buƙata ta taso, misali in an cire glandar kan ƙoda. A Jami'ar Luven ta Beljiyam kuwa, ɗakin binciken Hugo Vankelecom ya kashe ƙwayoyin homon girma da gangan, bayan 'yan watanni kusan rabinsu suka dawo. A ɓeraye matasa ke nan. Tsofaffi ba su farfaɗo ba, abin da ya sa dattawanmu dariya har da tafawa. Akwai kuma gefen da masu talla ba sa faɗa: da aka gurɓata wani sinadari a cikin ƙwayoyin SOX2, ɓerayen sun yi ƙari irin wanda ke fitowa yara a wannan wuri.

Amsar da muka kai wa 'yar'uwarmu ke nan. Irin yana nan a rumbu, an gan shi ya tsira a ɓera, amma babu wani maganin sha ko allura da aka tabbatar yana tayar da ipofiz ɗin mutum. Ƙwaya mai rai kuma ba ta zama cikin gari a fakiti a zafin Garwa. Ta koma kan maganinta, alhamdulillahi. Ina roƙon kowa: idrokortizon ba a yanke shi farat ɗaya, kuma in zazzaɓin cizon sauro ko amai ya kama ka, ka nemi likita a ranar, domin jiki na buƙatar ƙari a irin wannan lokaci.

Sauran ayyuka a gurguje. Mata sun zauna da ungozomomi a unguwanni biyu kan alamomin nan uku bayan zubar jini: rashin nono, rashin al'ada, kasala marar dalili. Wannan a ganina shi ne aikin da ya fi kowanne amfani bana, kuma bai ci mana ko sisi ba sai kuɗin babur. Asusun magani ya tallafa wa masu shan kabergolin (mai rage homon ruwan nono) da levotiroksin (mai maye gurbin homon glandar maƙogwaro) gwargwadon hali, ko da yake an yi makonni ana yawon neman kabergolin a gari. Kafin azumi mun tura masu shan idrokortizon su ji ta bakin likitocinsu. Ziyarar Marwa da muka yi alkawari ba ta yiwu ba, damina ta sha gabanmu, laifin jinkirin kuma namu ne na kwamiti.

Mun yi rashin biyu daga cikin dattawanmu. Allah Ya jiƙan su, Ya ba iyalansu haƙuri.

Kuɗin wata-wata ya taru a wuyan mutane da dama, ba zan kira suna ba, kowa ya san kansa. Ranar babban taro a zo da katin asibiti da kwalin duk maganin da ake sha, har da wanda aka saya a hannun masu talla. Za a duba su ɗaya bayan ɗaya, ba za a kunyata kowa ba.

Magatakarda, a madadin kwamiti
Garwa